Laftof Biyu a Zauren Surukina

Cikina na biyu ya fara nauyi lokacin da surukina ya ce zaman shago ya ishe ni haka. A lokacin ina aikin buga takardu ne a wani ɗan shagon kwamfuta kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, a shekarun nan na ƙarshe kafin a shiga dubu biyu, lokacin da masu kwamfuta a garin ba su da yawa. Takardun jarrabawar makarantu, katin biki, tsarin hidimar coci, duk ta hannuna suke bi. Mai shagon wani mutumin Kagoro ne, tsohon malamin firamare, shi ya sa kowa ke ce masa Ticha. Mutumin kirki ne na gaske, sai dai magana ba ta kwana a cikinsa.

Baba, mahaifin maigidana, ɗan kasuwar citta ne, rabin rayuwarsa a hanyar Kachia ya yi ta. Shi ne ya tsaya mini na ci gaba da aiki bayan aure, lokacin da dangi suka yi ta surutu a kan matar aure a shago. Magana ɗaya ya yi, kowa ya kama bakinsa. Ya ce yarinyar nan tana da natsuwa, duk inda aka ajiye ta nan za a same ta. Daga nan na zama abin misali a gidan, har sauran matan 'ya'yansa suna jin haushina. Ni kuwa na riƙe wannan yabo da hannu biyu. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba, kuma ban taɓa yi masa musu ba ko da a kan sunan rana ne.

Abin da Baba bai sani ba shi ne, wannan mai natsuwar ta kamu da son wasan tseren mota. Ticha ne ya sa shi a kwamfutar shago. Wata rana babu aiki na taɓa don in ga mene ne, shi ke nan. Da zarar shago ya zama babu kowa sai in rufe takardar da nake bugawa in shiga mota. Na san kowace kwana ta hanyar, na san inda ake sakin wuta da inda ake taka burki. Mace da aurenta, ga ɗa, ga ciki, tana cije leɓe saboda motar da babu ita a duniya! A zatona Ticha kaɗai ya sani, kuma a wurinsa abin alfahari ne.

Shawarar Baba ita ce ya saya mini laftof, in riƙa buga aikin a gida, a kai wa Ticha a faifai ya fitar a takarda. Ƙanin Ticha yana kawo laftof tokumbo, wato na hannu, daga Legas, ya kuwa zo da guda biyu. Na riga na gwada su a shago. Ɗaya tsohuwa ce mai kauri, furosesarta irin wadda ake kira 486. Ɗayar ta fi ta sirantaka, tana da Fentiyom. Wajen rubutu babu wadda ta fi wata, har ma batirin tsohuwar ya fi daɗewa, kuma a garin da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma da na sa tseren a tsohuwar, sai motar ta riƙa tafiya tana tsayawa, kamar akuyar da ake ja da igiya. A Fentiyom ɗin kuwa gudu take ba gargada. Tun daga ranar na san wadda raina ke so.

Na gaya wa maigidana mai saurin nake so. Ya ce don me? Na ce saboda aiki. Ya ɗan dube ni, ya ce to.

Ranar wata Asabar bayan la'asar Ticha ya kawo su a kan babur, a naɗe cikin tawul. Baba ba ya sayen abu a ɓoye. Sai an baje shi a zaure, an kira wanda zai zama shaida, an juya shi ciki da waje. Ranar akwai wani amininsa da suke cinikin citta tare, ya zo daga Kachia, ga maigidana a gefe. Aka aika a kira ni. Na ja mayafi na rufe kai, na rakuɓe a bakin ƙofa a kan tabarma, na gaishe su ƙasa-ƙasa.

Baba ya ɗauki tsohuwar, ya ɗaga ta a tafin hannu yana jinjinawa yadda yake yi wa busasshiyar citta. Ya ajiye, ya ɗauki ɗayar, ya taɓe baki.

"Wannan ai babu komai a cikinta. Waccan ta fi kaya."

Amininsa ma ya jinjina, ya ce ƙwarai, ko a buhu mai nauyi ake nema.

Ticha ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ba a nauyi yake ba. Akwai wani ƙaramin abu a ciki, furosesa, shi ne ƙwaƙwalwa na injin. Na wannan mai nauyi ya tsufa. Na wannan kuma sabon yayi ne, yana da sifid, sauri sosai."

"Wajen buga takarda fa, wacce ta fi?"

"Gaskiya duka ɗaya ne, Alhaji. Batir na tsohon ma ya fi ƙarfi."

"To ai magana ta ƙare," in ji Baba. Ya juyo wajena. "Ko ba haka ba, 'yata?"

Na sunkuyar da kai na ce haka ne, Baba. Me zan ce? A raina kuwa na riga na yi ban kwana da motata. Da an tsaya a nan da na ji haushi na kwana biyu ya wuce. Sai maigidana ya gyara zama ya ce, "Baba, da dai an ɗauki ɗayar."

"Saboda me?"

Maigidana ya shiga sosa ƙeya. Ticha kuwa ba ya iya ganin shiru ya ƙyale. Ya ce, "Sai dai in don gem ne, Alhaji. A gem ne bambanci yake fita."

Baba ya ce mene ne kuma gem? Kafin in yi wani tunani Ticha ya buɗe su duka biyun ya jera a kan tabarma, ya kunna tseren. Ƙarar injin mota ta cika zauren. Ya nuna musu yadda take sarƙewa a tsohuwar, da yadda take sheƙa gudu a ɗayar. Baba ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya koma ya jingina da bango.

"Wasan yara ke nan. To wane ne zai zauna yana wannan shirme a gidana?"

Ticha ya juyo ya dube ni, fuskarsa cike da fara'a, irin ta malamin da zai gabatar da ɗalibarsa da ta zo ta ɗaya. Ya ce, "Ai Alhaji ba ka sani ba ne, a duk Kafanchan babu wanda ya kai..."

"Ni ne," in ji maigidana. "Ni nake yi, Baba. Ni nake so."

Mutumin nan ma'aikacin gona ne a ƙaramar hukuma. Bai taɓa sa yatsa a kan kwamfuta ba, ko rediyonsa ni nake kamo masa tasha. Ticha ya buɗe baki, ya dube shi, ya dube ni, sai ya ɓige da tari.

"Kai?" in ji Baba.

"Ni."

"Da gemunka? To matso ka nuna mana abin da ka iya."

Ya matsa. Ya durƙusa a gaban laftof ɗin yana neman inda zai danna, sai da Ticha ya nuna masa madannan kibiya da haɓa. Motar ta zabura ta daki katanga. Ya danna wani, ta juya ta kama hanyar baya. Sauran motocin suka zagayo suka wuce shi yana nan yana faɗa da shingen gefen hanya. Ni kuwa ina zaune a bakin ƙofa, yatsuna suna motsi da kansu a ƙarƙashin mayafi, hagu, saki wuta, yanzu dama. Sai da na danne hannun da ɗayan. Ina ganin bayan wuyansa ya jiƙe da gumi. Aminin Baba ya yi ta ƙoƙarin riƙe dariya har ta ƙwace masa, ya ce wallahi ko a kyauta ba zai hau motar wannan direba ba.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Abin kunyar biyu ne. Kana wasan yara, kuma ko shi ɗin ba ka iya ba. A gaban matarka." Ya juya ga Ticha. "Bar mana mai saurin. A ba shi abin wasansa ya yi a ɗaki, kada ya je shagon mutane yana zubar mana da mutunci."

Haka na samu laftof ɗin da nake so. Na ɗauke ta na shiga cikin gida, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma babu wanda ya nuna ni da yatsa.

Da maigidana ya shigo ɗaki na kasa kallonsa. Ya cire hula ya rataye, ya zauna a bakin gado ya ce, "Ashe tuƙin nan da wuya." Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun wata rana da ya zo ɗaukata a shago, ya hango ni ta taga ina karkata jiki ana shan kwana, sai ya koma ya jira a kan babur har na gama. Sai na fashe da kuka. Na ce gobe da safe zan je in gaya wa Baba gaskiya. Ya ce, "Ki bari. Ni ɗansa ne, ya saba jin haushina. Ke kuwa bai taɓa ba." Na ce ban yarda ba, sai na faɗa. Har da rantsuwa na yi.

Kafin a yi sallar isha'i labari ya zagaye gidan. Ƙannensa suka fara ce masa Direba, suna tambayarsa ko akwai wurin mutum ɗaya zuwa Fadan Kaje. Yana murmushi yana wucewa, ni kuwa kowace dariya a jikina take sauka.

Washegari na je gaishe da Baba kamar yadda na saba. Na haddace abin da zan faɗa tun daga ɗaki. Na durƙusa a bakin ƙofa, na gaishe shi, na ja numfashi zan fara. Sai ya riga ni.

"'Yata, jiya na ga yadda kika ji kunyar abin da mijinki ya yi. Har kin kasa ɗaga kai. Ki yi haƙuri da shi. Allah ya sa ke mai hankali ce, shi ya sa hankalina yake kwance da gidan nan. Na'urar nan a hannunki take. Idan kika ga ya zauna a kanta yana wannan shirme, ki yi masa faɗa, in ya ƙi ji ki zo ki gaya mini. Kin ji ko?"

Maigidana yana tsakar gida yana goge babur ɗinsa, yana jin komai. Bai ɗago kai ba. Baba yana jira.

Na ce, "To, Baba."