Lita Bakwai, In Ji Dillali

Shekara tara na yi ina zuwa gaida Inna a kan moto, wato babur. Kowace Asabar, sai dai in ruwan sama ya tsare ni ko zazzaɓi ya kwantar da ni. In tashi daga Dogon Dutsi da sanyin safiya, in tsaya bakin tasha a ɗura min esansi lita huɗu, in ɗaure ƙullin goro da sabulu a baya, in kama hanyar Tibiri. In wuce Dumega, in sauka daga babbar hanya in faɗa rairayi, har ƙauyenmu. Lita huɗun nan su kai ni su dawo da ni, har da ɗan sauran da zan je ofis ran Litinin.

Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi kewata ba. A wajenmu uwa ba ta yi wa ɗan fari haka, kunya ce. In na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke hannunta. Amma ƙanwata, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida tana kula da ita, ta sha tona mata asiri. Ta ce tun moton yana bayan gari, wajen rijiya, Inna take gane kukansa cikin motocin duniya. Sai ta ce, "Ke, tashi ki dama hura, wancan ya taho." Wancan, ni ke nan.

Shekarar da aka ƙara min girma a ofishin noma ne abin ya fara. Abokan aiki suka sa ni gaba: shugaba guda a kan moto, rigarsa na kaɗawa kamar tuta! Maiɗakina kuwa, duk sanda za a je suna ko biki sai ta dubi yaranmu huɗu ta dubi moton, kuma na fi jin kallon nan fiye da magana. Ni kuma ina da nawa dalilin da nake ganin ya fi na kowa. Gwiwoyin Inna sun fara ba ta wahala. Na ce in na sami mota, zan riƙa ɗauko ta in kawo ta asibiti a zaune, ba a bayan amalanke ba, kuma zuwa gida zai fi sauƙi. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗi haka.

Sai zancen wace iri. Ƙaramar mota ba ta iya rairayinmu, cikinta zai kwanta a ƙasa tun kafin rijiya. Kat-kat ta gaske kuwa, babbar motar daji mai ja da ƙafa huɗu, irin ta manyan ma'aikatu, wannan ba abincin mai albashi irina ba ne. Tsakaninsu akwai waɗannan masu tsayin ƙafa da suka cika gari yanzu, jiki na babba, inji na ƙarama. Su na sa wa ido. Na tafi Yamai, wani dillali mai bakin zuma ya zagaya da ni har muka tsaya gaban wata mai ruwan toka. Ya buga bayanta da tafin hannu kamar mai sayar da sa.

Na ce, "Ni ba kyau na zo saye ba. Nawa take sha?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, shaƙa take yi, ba sha ba. Lita bakwai a kilomita ɗari." Ya ciro takardarta ya nuna min, ya kunna ta, ga bakwai ɗin ya fito a allon gaban direba. Ni da na yi karatun boko a lekol, na ga lamba a rubuce har wuri biyu, me kuma zan tambaya? Na lissafa a kaina cewa zuwa da dawowa ba zai wuce lita goma sha ɗaya ba. Na ce wannan ai da sauƙi.

Da na kawo ta Dogon Dutsi, tsohon makaniken da ke gyara min moto ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce, "Malam, wanda ya rubuta takardar ga, ya taɓa ganin rairayi? Akwai wani a Matankari mai irinta. Da ka tambaye shi kahin ka biya." Na ji haushi. Na ce a raina tsohon nan baƙin ciki yake don zai rasa mai kawo masa moto.

Asabar ta farko, kai, ranar na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Gilashi a rufe, sanyi na busowa, farar rigata ko ƙura ba ta taɓa ba. Amma akwai abin da dillali bai sa a lissafinsa ba, ni ma ban sa ba. Mai moto in ya ga mutane a bakin hanya, hannu yake ɗagawa ya wuce, ba wanda zai ga laifinsa. Mai mota da kujeru huɗu ba kowa, ina! Tun daga Tibiri aka fara tsai da ni. Ga matar ƙanin babana da buhun wake. Ga wani dattijo da ya san kakana, shi da ragonsa. Ga wata da ban sani ba, amma ita ta san ni tun ina tsumman goyo. Wa zan wuce? In na wuce ɗaya, kafin in isa gida labari ya riga ni. Haka muka shiga rairayi mu bakwai da rago, motar na nishi a giya ta ɗaya, ni kuma ina kallon allurar mai tana sauka a gaban idona.

Da na dawo na sake cika tanki, sai da ta shanye kusan lita ashirin. Na ce wa mai ɗurawar ko injinsa ya lalace. Ya ce, "Injina lahiya lau, motarka ce ke da ƙishi." Na ce to, na farko ne, kaya sun yi yawa. Na biyu ma haka. Na kashe sanyin na buɗe gilashi, muka sha zafi da ƙura, abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Sannan sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Juyen baƙin mai. Matatar iska da ƙura ke toshewa. Ƙaya ta fasa taya, aka ce girman tayarta babu a garin sai an aiko daga Yamai. Ana cikin haka man da ake shigowa da shi daga ƙetaren iyaka ya daina araha. Ga kuma tsaraba, don mai mota ba ya shiga garinsu da goro da sabulu kaɗai.

Kowace Asabar ta koma bayan mako biyu. Bayan mako biyu ya koma ƙarshen wata, in albashi ya shigo.

Za a ce, to ina moton? Yana nan a zaure, na lulluɓe shi da tsohon buhu, lafiyarsa ƙalau. Sau nawa na tsaya a kansa da safiyar Asabar! Sai in tuna mutanen da ke zaune gindin bishiyar bedi a bakin kasuwarmu. Za su ce, af, ba shi ne ya sayi mota ba? Ko an sallame shi daga aiki? Sai in mayar da buhun in koma ciki. Girman kai ne, ba shi da wani suna, kuma ni na san haka tun a lokacin.

Wani zuwa da na yi, Inna tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ƙanwata tana ta ba ni haƙuri wai hura ba ta samu ba, don motar ba ta da kuka, sai dai su gan ni a ƙofar gida. Inna ba ta ɗago ba, ta ce da ita, "Tambayi wancan, hanya ce ta ɓaci?"

Raina a ɓace yake ranar, na kafe a rairayi sau biyu. Na amsa da kaina, da muryar da bai kamata ba. Na ce, "Inna, hanya lahiya lau. Motar ga ce ke shan mai. Kwalba ashirin take sha kahin ta kawo ni ta maishe ni. Ba kullum nike da shi ba."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Asibitin da na ce zan riƙa kai ta, sau ɗaya na kai ta. Ta zauna a gefen kujera ta ƙanƙame ƙofa, ta ce sanyin yana shiga ƙashinta.

Cikin damina, wata Alhamis da hantsi, ƙanwata ta kira ni ina ofis. Mako bakwai ke nan rabona da gida. Ta ce in taho. Ranar ban tambayi lita ba, ban dubi allura ba, ban tsaya wa kowa a hanya ba. Da na kai rijiyar bayan gari na hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gidanmu, sai na san na makara.

Bayan sadakar uku, mutane sun ragu, ƙanwata ta ce, "Yaya, zo ka gani." Ta kai ni bayan gida, wajen tsohon rumbun ƙasa da aka daina zuba hatsi a ciki. Ta ɗaga murfin. Warin esansi ya buge ni. Kwalabe ne jere a ƙasa, an toshe bakin kowace da totuwar masara da tsumma, yadda Inna ke toshe kwalaben man gyaɗarta.

Ta ce tun ranar da na yi maganar nan, kowace ranar kasuwa Inna sai ta ba ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta sayar, ta ce ta biya wajen mai esansi ta sayo kwalba ɗaya. Inna ta hana a gaya min. Ta ce sai sun cika ashirin, sannan a aika wa wancan ya zo ya ɗauka.

Na ƙirga, goma sha huɗu. Na ɗaga ta farko, sai na ji ba nauyi. Ɗan ja-ja ne kawai ya rage a gindinta. Ta biyu ma haka. Inna ta ɗauka mai duk mai ne, in ka toshe ka ajiye zai jira ka, kamar na gyaɗa. Ba ta san wannan yana bin iska ba, balle a zafin rumbu. Ƙanwata ta ce ita ta lura suna raguwa, amma ta kasa faɗa mata, don duk ranar kasuwa sai Inna ta dogara sanda ta zo ta leƙa, ta ce saura kaza.

Na samo bido, irin jarkar nan ta mai, muka juye abin da ya rage, kwalba bayan kwalba. Lita huɗu ne da ɗan kaɗan. Na zauna a ƙasa a gindin rumbun nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Motar tana nan har yau, tana kai yara lekol, tana kai maiɗakina biki, a kan kwalta kuma ba ta da laifi. Masu son sayen irinta sukan zo su tambaye ni nawa take sha. Nakan ce su fara faɗa min inda uwarsu take, da irin hanyar, da yawan dangin da ke bakinta.

Ni dai na yaye buhun daga kan moto. Ran Asabar ina zuwa gaida ƙanwata, masu zaman gindin bedi kuma ba wanda ya taɓa ce min uffan. In na kai rijiya nakan rage gudu in ƙara masa wuta ya yi kuka sosai, yadda za a ji daga cikin gida. Ƙanwata tana dama hura, ba ta taɓa fashi ba. Amma ita da sunana take kirana, ni kuwa wancan ɗin nake son ji.