Tandar Iya Hadijatu

Tun kafin in tafi karatu Iya Hadijatu take toya waina a bakin kasuwar Sandamu, kuma da na dawo a nan na same ta. Tandarta ta ƙarfe ce, ta gada wajen mahaifiyarta, baƙa wuluk. Ba ta taɓa sa mata sabulu ba. In ta tashi, sai ta goge ta da tsumma, ta shafa man gyaɗa tun tana da zafi, ta kife a ɗaka. Wannan baƙin shi ke hana tsatsa, shi ke hana waina kamawa.

A daminar bara Zubaida, matar ɗan ƙanenta, ta aro tandar don suna. A garinmu ba a hana aron kayan biki, ba a kuma mayar da su da datti. Zubaida ta zauna da toka da yashi ta dirje tandar har ta yi fari tas, ta bar ta a tsakar gida ta sha iska. Ruwa ya sauko a kanta. Ko da aka kawo, kowane gurbi ya yi ja.

"Iya, wallahi gyara na yi miki," in ji Zubaida.

"Gyara? Ke 'yar nan, man da uwata ta shafa kika kankare! Da kin samu hannuna ma sai ki dirje shi, tunda baƙi ne."

Abin da ya fi ba ni haushi, matan gidan Zubaida suka goya wa baya, wai tsohuwa ba ta san tsafta ba.

Iya ta jiƙa tandar a ruwan tsamiya, ta cuɗe tsatsar, ta busar a wuta. Ta shafa mai ta ƙona, ta sake shafawa ta sake ƙonawa. Duk da haka ranar kasuwa waina ta kama, tana fitowa a yage, masu saye suka wuce gaba. Sai bayan girbi tandar ta fara sakin waina.

Kwanan nan Zubaida ta sake aikowa aro. Na zaci Iya za ta hana. Ta ɗauki mayafi, ta ɗora tandar a ka.

"A ce mata ga mu nan. Yanzu mai aron tanda har da ni take ara."