Ranar da Marlys Ta Kulle Cokula

Ƙarfe biyar da rabi na safe Marlys Hoekstra take buɗe kicin ɗin gidan kula da tsofaffi na garinmu, a arewacin Iowa. Ta ɗora ruwan kofi, ta ɗaure gashinta, sannan ta duba takardar da ta manna a jikin firji: wa aka hana gishiri, wa ba ya iya tauna, wa ke fushi da 'ya'yansa. Wannan na ƙarshen babu likitan da ya rubuta mata shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi.

Kada wani ya ce muku mace ce mai taushin baki. Ta taɓa korar shugaban gidan daga kicin don ya ɗaga murfin tukunya. Amma ku tambayi Joanne Bakker abin da ya faru da mahaifinta bara.

Wendell Bakker manomin masara ne, ya shekara hamsin a kan tarakta. Shanyewar ɓarin jiki ta bar masa hannu yana rawa. Ranar da miya ta zube masa a ƙirji gaban mutane, ya juya kekensa ya koma ɗaki, bai sake fitowa cin abinci ba. A ɗakin ma tsakura kawai yake yi. Ya rame har likita ya ce in aka ƙara mako biyu a haka, sai an sa masa robar da ake zura wa mutum abinci ta cikinta. Joanne ta san halin mahaifinta. Duk ranar da aka sa masa robar nan, to ya gama da duniya.

Sai ga sha takwas ga Maris, ranar Sulofi Jo, burodin nan namu da ake zabga wa niƙaƙƙen naman sa cikin jar miyar tumatir. A gidan, saboda tsafta, a faranti ake ba tsofaffi shi da cokali. Marlys ta kwashe cokulan kaf ta kulle a durowa. Ta bar miyar ruwa-ruwa da gangan, ta cika kowane burodi har yana ambaliya, sannan ta nufi ɗakin Wendell.

"Tashi, Baba Wendell. Yau kowa sai ya ɓata rigarsa."

"Ƙyale ni, Marlys. Ni ba abin kallo ba ne."

"Wa zai kalle ka? Kai dai ka cika ji da kanka. Fasto ya zo cin abinci da mu, yana can da farar riga, shi nake so ka gani."

Ya yarda ta tura shi zuwa bakin ƙofar ɗakin cin abinci, wai leƙawa kawai zai yi. Fasto ya gatsa, nama ya sulalo ta ƙasa ya sauka a kan farar rigar. Shugaban gidan miya har gwiwar hannu. Ma'aikatan jinya sai lasar yatsu suke yi.

"Dubi yadda Fasto ya riƙe shi," in ji Wendell. "Mutumin nan bai taɓa cin abinci a gona ba. Miƙo min ɗaya."

Hannun ya yi rawa, rabin naman ya zube a cinyarsa. Babu wanda ya ɗaga kai, kowa na fama da nasa. Ya cinye, ya nemi ƙari. Joanne, da ke wurin a ranar, ta ce fita ta yi baranda ta sha kukanta. Ba a sa robar ba. Har yau yana nan teburin kusa da taga, yana ci yana zubarwa yana kushe kofi.

Marlys, ke ce kika gane cewa ba cin abinci ne ya fita ransa ba, kunya ce ta hana shi. Ke ce kika wanke shimfiɗun tebur ashirin ke kaɗai, aka kuma kira ki ofis aka yi miki faɗa, ba ki gaya wa kowa ba sai da muka ji a bakin wasu. Uwar tukunya, mai ciyar da wanda ya yi zuciya. Mu waɗanda iyayenmu ke gidan nan muna ƙaunarki, kuma tafiyarki tana mana ciwo. Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi.

Ku kuma da ke da tsoho mai rawar hannu a gida, ku koya daga gare ta. Kada ku tsaya a kansa da tsumma kuna jiran ya zubar. Ku zauna kusa da shi, ku cika burodinku, ku riga shi ɓata riga.