Takardar Mijin Gwaggo

Kwanan baya na wuce ta bakin wani shago a nan ƙasar da nake aikin jinya, sai ƙanshin shayi mai na'ana'a ya tare ni, irin wanda ake dafawa a ƙaramar buta bisa gawayi har ya yi kumfa. Na tsaya da jakata a kafaɗa. Ba shagon nake gani ba. Zauren gidan kakana nake gani a Bakura, da mijin gwaggo zaune bisa buzu, yana ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi cikin ɗan kofin gilashi, ko ɗigo ba ya sauka ƙasa.

Mu yara Baba ɗan Mali muke ce masa. Ka yarda da ni, mai karatu, har na kai shekara goma ban san Mali wuri ba ne. Na ɗauka laƙabi ne kawai, kamar yadda ake cewa wane dogo, wane gajere. Daga baya na ji cewa ya zo ne yana saurayi, tare da masunta masu bin kogi. Su suka wuce, shi ya tsaya. Ya koyi gyaran injin ban-ruwa, har ya zama duk manomin shinkafa daga Bakura zuwa Talata Mafara ya san ƙofar gidanmu. Kakana ya fara ba shi ɗakin zaure, bayan wasu shekaru ya ba shi 'yarsa, wato gwaggo, yayar babana. Hausarsa irin tamu ce sak, sai fa in inji ya ƙi tashi. A nan ne zai durƙusa ya yi masa faɗa da wani yare da babu wanda ke ji, mu kuwa mu laɓe muna dariya.

Wata shekara shinkafa ta yi kyau, shi da gwaggo suka ƙudura niyyar aikin Hajji. Suka tafi Gusau neman fasfo da sassafe, gwaggo ta sa sabon mayafi. Kafin la'asar suka dawo. Na gwaggo ya yiwu. Shi kuwa da ma'aikacin ofishin fasfo ya tambaye shi inda aka haife shi, sai ya faɗi sunan wani ƙauye a bakin kogi can ƙasarsu. Ma'aikacin ya ajiye biro, ya ce ai wannan fasfo na 'yan ƙasa ne.

Abin ya ɗaure mini kai ƙwarai. Mutumin da ke limancin sallar asuba in liman ba shi da lafiya, yaya za a ce ba ɗan ƙasa ba ne? To ɗan ina ne?

Ƙanen babana, wanda yake direba ne kuma ya san hanyoyin duniya, ya same shi a zaure ya ce, “Yaya, kai ma da neman wahala. Ka koma ka ce Maradun aka haihe ka. Wa za shi bin sawu?”

Mijin gwaggo ya daɗe yana juya buta a kan gawayi kafin ya amsa. “Ɗakin Allah za ni. Ba ni so takardar da za ta kai ni can ta fara da ƙarya.”

Daga ranar aka shiga doguwar hanya. Shugaban makarantar firamarenmu ne ya yi bayani, domin shi ne mai karanta takardun Turanci a unguwar. Ni kuma nakan fake da kawo ruwa in tsaya ina saurare. Ya ce abin hawa-hawa ne. Da farko sai baƙo ya nuna shaidar ko shi wane ne daga ƙasarsa ta haihuwa. Sannan a ba shi izinin zama. Sannan, in ya nuna ya daɗe a ƙasa, halinsa na kirki ne, yana da sana'a, mutanen wurin kuma sun karɓe shi, sai ya nemi a mai da shi ɗan ƙasa. Mijin gwaggo ba shi da ko ɗaya daga cikin takardun. Lokacin da ya shigo, babu wanda ya tambaye shi komai sai ko ya ci abinci.

Saboda haka dole ya koma Mali, karo na farko cikin shekara ashirin da wani abu. Ya tafi tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke hana kaji kuka. Gwaggo ba ta yi hawaye a gaban kowa ba, amma kullum da safe sai ta share ɗakin zaure, ta kakkaɓe buzunsa, ko da yake babu mai zama a kai. Na taɓa jin ta tana ce wa mahaifiyata, “In ya ga danginshi, mi za shi dawo yi nan?” Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya kama. Injunan mutane suka taru a ƙofar gida suna jiran mai gyara.

Ranar da aka yi ruwan fari ya dawo, jiƙe sharkaf, da takarda naɗe cikin leda uku a ƙirjinsa. Ya kuma zo da wani tsohon zane baƙi. Na mahaifiyarsa ne. Ta rasu shekara uku kafin zuwansa, babu wanda ya san inda za a aika masa. Ya miƙa wa gwaggo zanen, ya shiga ɗaki, bai fito ba sai magariba.

Sauran aikin na haƙuri ne. Hoto, dangwala yatsa, wasiƙar hakimi, zuwa Gusau a ce a dawo wata mai zuwa. Izinin zama ya fito, aka shigar da babbar buƙata ta zama ɗan ƙasa, sai shiru. Mutane suka yi ta ba gwaggo shawara ta bi ayarin mata ta sauke farali, tunda nata fasfon na hannu. Ta ce, “Tare muka yi niyya.” A kan haka ta tsaya, har aka gaji aka bar ta.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ranar da wani ma'aikaci ya zo bincike. An gama girbin gero, zangarniya jibge a kowane gida. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiya, ya buɗe fayil bisa gwiwa, yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi kakana ko ya san wannan mutum, kuma ko zai iya tsaya masa.

Kakana, wanda a lokacin idonsa ya fara rauni, ya ce, “Yaro, ni ban san abin da kuke rubutawa ba. Na ba shi ɗiyata. Shi ya wanke gawar ƙanena. In ta Allah ta kasance gare ni, shi na ce ya shiga rami ya karɓe ni. In akwai layin da ake rubuta wannan, rubuta.”

Ma'aikacin ya rubuta wani abu. Sannan ya tambaya ko akwai mai ƙorafi a kan baƙon. Can sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce ita tana da shi: shayinsa ɗaci ya yi masa yawa. Har ma'aikacin sai da ya murmusa.

Da yamma na samu mijin gwaggo shi kaɗai, na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. “Baba, in ka zama namu, ka daina zama nasu ke nan?”

Ya dube ni kamar zai yi dariya, sai ya fasa. “Ɗiyata, can aka binne uwata, nan za a binne ni. Takarda ba ta iya raba wannan. Ita dai tana faɗa ma gwamnati abin da kakanki ya riga ya sani.”

Damina biyar aka yi kafin a kira shi Abuja ya yi rantsuwa. Kakana bai ga ranar ba, ya rasu shekara guda kafin nan, kuma mijin gwaggo ne ya shiga ramin kamar yadda aka ce. Da ya dawo da takardar, shugaban makaranta ya karanta ta a zaure ya fassara, mu duka muna tsaye. Shekarar da ta biyo baya suka tafi Makka, gemunsa ya yi fari fat, gwaggo na dogara sanda. Da suka dawo, gari ya koma kiransa Alhaji ɗan Mali, shi kuma yana amsawa da fara'a har ƙarshen ransa.

Yanzu ga ni a ƙasar wasu, shekara ta bakwai. Na samu izinin zama na dindindin, ina cike takardun neman zama 'yar ƙasa. Komai ta kwamfuta ake yi, har da jarrabawa kan tarihinsu. Babu wanda zai zo ya shimfiɗa tabarma ya tambayi unguwa ko wace ce ni. Can gida ma abin ya sauya. Mahaifiyata ta ce mini a waya, tun da rashin tsaro ya yi yawa, ba a ƙara ba wa baƙo ɗakin zaure ba sai an san asalinsa, kuma ban ga laifinsu ba.

Takardar tawa tana neman mutum biyu 'yan ƙasa da suka san halina. Na samu ɗaya, abokiyar aikina a asibiti. Layi na biyu ya kwana uku babu kowa a kai. Akwai wata dattijuwa da ƙofarta ke kallon tawa, shekara shida muna gaisawa da ka kawai, ko sunanta ban riƙe daidai ba. Gobe in Allah ya kai mu zan yi tuwo da miyar kuka, in zuba a kwano, in ƙwanƙwasa mata ƙofa.