Turmin Iya a Zauren Makaranta

Jiya da la'asar na ji ana daka a gidan da ke bayan namu. Taɓarya ɗaya ce, mai riƙe da ita kuma ba ta ƙware ba, tana yi tana hutawa. Duk da haka na ajiye abin da ke hannuna, na zauna a bakin ƙofa har ta gama. Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifiyata, kuma na lura yanzu ƙaramin abu ma yakan zaunar da ni.

Bari in ba ka labarin shekarar da ta shirya wasa a makarantarmu.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin. Muna zaune a Gangaren Tudu, mu uku a gida: ni, da Mama, da Iya, mahaifiyar babana. Babana ya rasu tun farkon shekarar. Mama 'yar Gitata ce, aure ya kawo ta Keffi, kuma bayan ta fita takaba ba ta koma garinsu ba, saboda aikin koyarwa da kuma ni. Gidan ya yi mana girma. Iya tana ɗakinta na kusa da rijiya, mu muna namu. Da safe Mama za ta durƙusa a ƙofarta ta ce, "Iya, ina kwana," a amsa daga ciki, shi ke nan sai gobe. Kowa da kwanon tuwonsa. Ban ga hawayen Iya ba ko ranar da aka fita da babana, kuma ba ta ambatonsa. Mama ta sa a ranta cewa laifinta ake gani, cewa Iya na ganin ba ta yi jinyarsa yadda ya kamata ba.

Da damina ta kankama, shugaban makarantar da Mama ke koyar da Hausa, inda ni ma nake karatu, ya ce yana son wasan kwaikwayo mai waƙa a ranar raba kyaututtuka. Ba a taɓa yin irinsa a wajenmu ba. Malamai kowa ya sunkuyar da kai, aka ɗora wa Mama. Abin da aka ba ta bai wuce na hayar lasifika da man janareta ba.

Ba ta yi ƙorafi ba. Ina jin ta samu abin da zai cika mata yammaci ne. Ta rubuta labarin a bayan tsofaffin takardun jarrabawa: matan wani ƙauye suna jiran mazansu su dawo daga gona mai nisa. Ta buɗe akwati ta fito da zannuwan da ba ta ɗaura ba tun rasuwar, don 'yan mata su sa. Wata tela 'yar kudu a Sabon Gari ta haɗa mata buhunan shinkafa suka zama labule, ta ce ladanta kawai a sa 'yarta a wasan. Makaɗi ne ya gagara, don wanda aka samu ya fi ƙarfin aljihun. Sai Mama ta ce turmi zai tsaya a madadin ganga, tunda da ma matan ƙauye a bakin turmi suke waƙa.

Waƙar da ta zaɓa ta Iya ce, amma ba ta taɓa jin ta daga bakin mai ita ba. Babana ne yake yin ta ƙasa-ƙasa idan yana wanke babur, baiti ɗaya da rabi, sauran ya cike da fito. Da wannan guntun ta fara koya mana.

Wata Asabar Iya ta tafi barkar haihuwa, Mama ta kira mu shida gida. Muka mirgino babban turmin Iya tsakar gida. Rabinmu ba su taɓa riƙe taɓarya ba. 'Yar telar ta ɗaga tata kamar za ta kashe maciji, wata 'yar ƙabilar Eggon ta ja baya ta ce, "Ke, turmin za ki daka ko ƙafata?" Aka yi dariya, har da Mama, wadda na daɗe ban ji dariyarta ba. Ba mu zuba komai a turmin ba. Gwaji ne kawai, kuma Mama ta ce haka ƙarar ta fi fita.

Ba mu ji shigowar Iya ba, sai ganin ta muka yi tsaye a bakin zaure.

"Wa ya ce ku daki turmi wayam?"

"Ni ce, Iya," in ji Mama. "Gwaji muke yi na makaranta."

"A gidan nan ba a yi. Yunwa ake kira, ko abin da ya fi yunwa. Wanda ya same mu bai isa ba?"

Mama a makarantar kwana ta girma, ba ta san wannan ba. Ta durƙusa ta ba da haƙuri. Iya ta wuce ɗakinta, muka ɗauka wasa ya ƙare. Sai ga ta da ƙwaryar dawa. Ta juye a turmin, ta yayyafa ruwa, ta karɓi taɓaryar hannuna tana cewa, "Kawo, ƙawata, kina yi kamar mai zazzaɓi." Sannan ta ce wa Mama, ba tare da ta dube ta ba, "Waƙar ma kin sa mata gudu. Ki bar taɓarya ta sauka tukuna, sannan murya ta biyo."

Har yanzu ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar dawar nan. Iya ta rera baiti na farko, na tsuntsu mai satar tsaba, ta rera na biyu, na mace mai leƙen hanya. Muryarta siririya ce, tana ɗan rawa. Ta ja numfashi kamar za ta shiga na uku, sai ta rufe baki. Ta ci gaba da surfe, tsawon baiti guda, ba kalma ko ɗaya. Daga nan ta jingine taɓarya ta koma ɗaki.

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta warware mana da ta zo a satin. Baiti na uku Iya ce ta ƙara da kanta lokacin tana goyon babana. Shi ne ɗanta na fari, kuma ka san a wajen irinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta kukansa a fili. A wannan baitin kaɗai take kiransa. Da Mama ta ji haka sai ta ce, "Ashe ba da ni take ba."

Ranar wasan an wuni ana yayyafi. Iya ta ce zauren makaranta ba wurinta ba ne, amma da kanta ta auna dawa, ta tsaya har aka ɗora turmin a keke. Mama ta bar waƙar yadda ta ji ta. Muka rera baiti biyu, sannan muka yi shiru, taɓare kaɗai ke sauka. Malamin da ke kula da lasifika ya ɗauka mantuwa muka yi, yana ta yi wa Mama alama da hannu. Ita kuwa tana tsaye a gefen labulen buhu, idonta a kan turmin. Iyaye ba su san dalili ba, amma ba wanda ya yi tari.

Muka koma gida da surfaffiyar dawa. Iya ta wanke, ta aike ni injin niƙa. Washegari ta tuƙa tuwo, ta kwashe a kwano ɗaya, ta ajiye a tabarmar ƙofarta. "Malama," ta ce, "zo mu ci, ya yi min yawa." Tun daga ranar kwanonsu bai sake rabuwa ba, har Iya ta rasu bayan shekara huɗu.

Yanzu makarantar tana da nata lasifika, yara kuma daga waya suke ɗauko waƙar da za su taka. Ɗakunan gidanmu ɗaliban jami'a ne ke haya. Ba na jin haushin ko ɗaya, sai dai babu wanda zan ce wa, "Kin tuna?"

A jinyar Mama ta ƙarshe na tambaye ta ko Iya ta taɓa rera mata baiti na ukun. Ta ce sau ɗaya, ana saura kwanaki Iya ta rasu. Na roƙe ta ta rera min.

"Sunan mijina ne a ciki," ta ce. "Ni ma ba na faɗa."

Na ce ai ni 'yarsa ce.

Ta yi ɗan murmushi. "To ke za ki faɗa?"

Ban sake tambaya ba. Baiti biyu nake da su. Idan na rera wa 'ya'yana, a wurin na ukun nakan yi shiru daidai tsawonsa. Sun saba, sukan jira har in gama.