Tsawar Oom Gawie a Filin Harbin Kuruman

Duk ranar Asabar, tun rana ba ta yi zafi ba, tsohuwar motar Oom Gawie Swarts ce ta farko a ƙofar filin harbi na ƙungiyarmu, can bayan garin Kuruman. Oom, wato Kawu, haka kowa ke kiransa. Zai buɗe ƙofa, ya kakkafa kwalayen da ake harbi, ya zagaya bayan tudun ƙasa ya tabbatar babu akuya babu mai akuya, sannan ya zauna ya tsoma busasshen burodi a kofi. Sauran ranakun mako yana garejin gidansa yana sake cika harsashi: ya wanke kwanson da aka riga aka harba, ya auna albarushi, ya ɗora dalma, ya danne. In yana wannan aiki ba rediyo, ba hira. Ko fasto ne ya zo, a waje zai jira. Kowane kwanso sai ya leƙa cikinsa da idonsa kafin ya rufe.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aikin alƙalin fili bayan shekara talatin da wani abu. Gwiwa ta ƙi, kunne ma ya yi nisa. Ni direban babbar mota ne, ban saba yabon mutane ba. Amma 'yata Onalenna tana da hannun dama yau saboda tsohon nan, don haka dole in faɗa.

Shekarun baya 'yan fashi suka shiga shagonta na abinci da rana tsaka, suka kwantar da ita a ƙasa. Raina ya ɓaci, na ja ta sai wurin Oom Gawie, na nuna masa hoton wata ƙatuwar bindigar hannu da nake so in saya mata.

Ya kalli hoton, ya kalle ni, ya kira ni da Rra, wato Baba a harshenmu. "Rra Onalenna, wa zai riƙe ta, kai ko ita?"

"Ita mana, Oom."

"To wannan ka saya wa kanka, ka rataye a falo baƙi su gani."

Ya jero mata ƙananan bindigogi a tebur, duk babu harsashi, ya sa ta ɗaga kowace. Wata ta yi mata kauri, yatsa ba ya kai wa kunama. Wata ƙarama ce sosai, ya ce irin wannan tana dukan hannu har mutum ya tsani atisaye. Matsakaiciya suka tsayar. Ya ce mata, "Yarinya, in akwai ƙofar gudu, ki gudu. Wannan ta ranar da babu ƙofa ce." Ta yi jarrabawa, ta jira lasisi har ya fito, ta shiga atisaye. Kafin mu farga ta fara shiga gasa tana kayar da maza.

Oom yana da doka guda da yake maimaitawa har a gaji: kada ka harba harsashin da wani ya cika, in ba ka san yadda yake aiki ba.

A gasar watan jiya Onalenna ce ke kan gaba, saura zagaye na ƙarshe, sai ta ga harsashinta ba zai isa ba. Dirkie Botes, manomin tumaki, mutumin kirki ne wallahi, ya miƙo mata nasa. "Karɓi, ƙanwata, ki gama da su. Ni dai na riga na sha ƙasa." Abin da ba ta sani ba, Dirkie a gaban talabijin yake cika nasa, yana kallon wasan rugbi. Ta karɓa, ba ta gaya wa Oom ba.

Aka busa usur, ta fara. Ina tsaye a baya da toshin kunne kamar kowa. Tau, tau, tau, sai bindiga ta yi shiru. Duk ɗan gasa an koya masa abu guda: in bindiga ta cije, ka ja bayanta da sauri, ka zubar da kwanso, ka ci gaba, don lokaci ake aunawa. Haka ta yi, cikin ƙiftawar ido. Ta ɗaga, yatsa ya doshi kunama.

"TSAYA!"

Ban taɓa jin tsawa irin wannan daga bakin tsohon nan ba. Ta daskare. Ya sa ta cire harsashi, ta ajiye bindigar.

"Haba Oom!" ta ce cikin haushi. "Cijewa kawai ta yi! Ka kashe min gasa!"

Ni ma na buɗe baki zan taya ta. Bai ko kalle mu ba. Ya ciro siririn sandan ƙarfe daga aljihu, ya zura ta bakin bindigar. Sandan ya shiga kaɗan ya tsaya cak. Ya buga a hankali, ya buga, sai ga dunƙulen dalma ya faɗo kan tebur.

Harsashin Dirkie babu albarushi a ciki. Ɗan ƙarfin da ya samu daga tartsatsin gindin kwanso ya turo dalmar ne kawai ta maƙale a tsakiyar bututu. Da ta harba na biyu a bayansa, ƙarfen zai iya tarwatsewa a hannunta, gab da fuskarta.

Na zauna a ƙasa, ni ƙato da ni. Onalenna ta tsaya tana kallon tafin hannunta. Dirkie ya cire hula, fuskarsa ta yi fari fat, yana ta cewa, "Oom, ni ne, nawa ne."

Na zata Oom zai ci mutuncinsa a gaban jama'a. Sai ya ce, "Ka kwaso sauran ka kawo gareji, mu kwance su ɗaya bayan ɗaya. Ka zo da haƙarƙarin tunkiya, ba kyauta nake aiki ba. Talabijin kuma ka bar ta a gida."

Bayan an tashi, da aka hura wutar gasa nama, na tambaye shi, "Oom, kai da sai an yi maka ihu kake ji, yaya ka ji ƙarar ta canza?"

Ya ce, "Me ka ce?"

Na maimaita da ƙarfi, mutane na dariya.

"Ban ji komai ba. Ku kwali kuke kallo, ni wuyan hannunta nake kallo. Ta ja kunama, hannun bai motsa ba."

Oom Gawie, kai ne mai tsayuwa a bayan kowa cikin rana, ba kofi ba lambar yabo. Kai ne ka yarda yarinya ta ji haushinka, ka ƙi yarda ta ja kunamar nan. A ranar Onalenna ta zo ta huɗu, kuma ban taɓa murna da faɗuwa a gasa kamar wannan ba.

Na gode, tsoho mai ido. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi.

Ku kuma 'yan ƙungiya, wurinsa zai zama babu kowa daga wata mai zuwa, kuma kowa harbi yake so, ba mai son tsayuwa a baya. Wani ya fito ya koya tun tsohon yana iya nunawa. Onalenna ta riga ta ce za ta fara. Jiya na wuce shagonta na tarar tana murza ƙullun fanke, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hannun nan har sai da ta ce, "Rra, za ka saya ne ko tare min hanya ka zo yi?"