Baƙin da Suka Tare a Cikin Sikana

Mai Hoto ya daɗe da barin ɗaukar hoto. Tun da kowa ya samu kyamara a wayarsa, sai ya koma gyaran tsofaffin hotuna, wanda ruwa ya taɓa, wanda gara ta ci gefensa. Zai kwantar da hoto a kan gilashin sikana ta kwafe shi zuwa kwamfuta, shi kuma ya zauna ya mayar wa mamaci da kunnensa ko rabin hularsa. Mutum ne mai ƙyanƙyami, ba ya taɓa hoton kowa sai ya wanke hannu da sabulu. Rabin shagon nasa ne, rabin na matarsa da keken ɗinkinta.

Sikanar ta girmi 'yarsu ta fari. Tsohuwa yake ce mata. Ya gwada sababbi, ya ce duk fuskar da suka fitar kamar an bulbula mata hoda.

Da kwamfutarsa ta mutu ya sayi sabuwa, ya jona Tsohuwa, sai sabuwar ta yi kamar ba ta ga kowa ba. Ashe kamfanin ya daina fitar da manhajar da ke haɗa su. Surukinsa mai gyaran kwamfuta ya wuni yana gumi kafin ya lallaɓa su suka gaisa. Da zai tafi ya ce, "Baba, ni kaina ban san abin da na taɓa ta kama ba. Kada ka kashe ta, kada ka zare wayar nan. In ta yi barci, ba ruwana."

Mai Hoto ya riƙe maganar kamar umarnin likita. Ya sayo batir saboda ɗaukewar wuta, ya ɗaure wayar a ƙafar tebur da ƙyalle. Rani da damina Tsohuwa tana kunne, cikinta ga ɗumi, ga duhu, ba mai leƙawa. Kyankyasai suka samu labari.

Matar ce ta fara ji. "Baban yara, wani abu na wari a rabinka."

"A rabina? Hancinki dai."

Ana nan wani direban tanka ya kawo hoton mahaifinsa. Mai Hoto ya danna, hoton ya fito a allo. Direban ya matso, ya ƙura ido.

"Malam, babana fa ba shi da gashin baki."

Ƙafar kyankyaso ce, da 'yan ƙayoyinta, kwance a kan leɓen dattijon. Mai Hoto ya cire hoton, ya sake dannawa da murfin a buɗe. Fitila ta taho a ƙarƙashin gilashi, sai ga su suna gudu a gabanta, manya, ƙanana, har da wani fari sol da ya saɓe fata. Ƙwai jere a kusurwa, kashinsu barbaje kamar an yayyafa barkono. Ya ja baya yana goge tafinsa a riga.

"Tir!" in ji matar, ta riga ta kwashe ɗinkinta ta rungume. "Yadin mutane nake ajiyewa a nan! Ko ka buɗe ta ka wanke, ko ta kwana a bola."

"In na zare ta ba za ta dawo ba."

"To ka sa mata lambar ɗaki, tunda otal ka buɗe."

Ya kira surukin. Ashe surukin ya yi tafiya, sai watan gobe. Mai Hoto ya dubi wayar da ya ɗaure a ƙafar tebur, ya sake duban gilashin, wani kyankyaso ya tsaya daga ciki yana kaɗa masa gashi ba ko kunya. Ya yi tsaki, ya kwance ƙyallen, ya zare.

A bakin shago ya kwance ƙusoshin. Da ya ɗaga gilashin wani ɗoyi mai maiƙo ya bugi fuskarsa, baƙin suka watse ta ko'ina. Direban, ƙato guda, ya ɗare kan benci. Matar na binsu da takalmi tana ƙirga musu zunubi. Shi kuwa ya ɗaure hanci, ya bi kowane lungu da auduga da sifirit, yana tofar da yawu, har madubin ciki ya yi ƙal.

Ya mayar da ita, ya jona. Fitila ta kama, inji ya yi gurnani yadda ya saba. Ya dubi allo. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan na'ura ba. Ya sauya ramin da ya jona wayar, ya kashe ya kunna, ya hura bakin wayar. Ko gezau.

Direban ya karɓi hoton mahaifinsa da yatsa biyu, ya ce zai leƙo wani lokaci.

Mai Hoto yana zaune dafe da haɓa, matar ta zo ta shinshina murfin, ta gyaɗa kai. Sai ta ɗauko yadudduka a ninke ta jera a kai.

"Faɗinta kuwa ya yi daidai," in ji ta.